Motsa Jiki Irin Na Yoga Ga Mai Ciwon Baya, Ciwon Gwiwa Da Yawan Damuwa

Uwargida, idan kina cikin matan da ke zuwa mana daga yankin Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi ko Minjibir, na san abin da za ki ce da jin an ambaci motsa jiki: "Wane motsa jiki ya wuce surfe da daka da jan guga?" Gaskiyarki, aiki kam kina yi. Sai dai duk ayyukan nan a duƙe ake yin su, kuma gaɓoɓi iri ɗaya suke wahalarwa kullum. Haka shi ma maigida da ke wuni a sunkuye kan fartanya tun daga noman fari har maimai. Shi ya sa baya ke sandarewa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, dare ya yi barci ya gagara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya. A ƙa'idojin da ta fitar a 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe, ta sa tsararren motsa jiki cikin abubuwan da ke taimako, ta kuma hana dogaro da ɗamarar ɗaure ƙugu da magungunan kashe zafi masu sa maye.

Mene ne yoga?

Yoga daga ƙasar Indiya ta samo asali, kuma a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga watan Yuni. A can asalinta tana haɗe da addinan mutanen wurin, don haka ba na ganin laifin duk wadda ta ɗaure fuska da jin sunan. Abin da ma'aikatan lafiya suka ɗauko daga cikinta abu uku ne: miƙa gaɓoɓi a hankali, sarrafa numfashi, da sakin jiki ya huta. Babu wani karatu ko kiran sunan wani abu a cikin abin da zan koya miki. Ki kira shi miƙa da numfashi in kin fi so.

Hotunan da kike gani a waya na masu tsayuwa da ka ko naɗe ƙafa a wuya ba naki ba ne. Ana gyara kowane motsi ne ya dace da jikin mai yin sa. Akwai wata baiwar Allah da ta zo mana, haihuwarta takwas, ga hawan jini, ga gwiwar dama a kumbure. Ko zaman tabarma ba ta iyawa sai an kama ta ta tashi, ga tunanin kuɗin taki da na makarantar yara ya hana ta barci. Ba mu sa ta ta sauka ƙasa ko sau ɗaya ba. Komai a zaune ta yi shi, ko a tsaye tana dafe da bango. Da ta dawo awon jini gwiwar ba ta warke ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ta ce tana tashi daga bakin gado ba tare da kiran kowa ba, kuma barci ya fara samuwa.

Ki fara da numfashi

Wannan shi ne ya fi komai amfani ga mai damuwa, kuma ko wadda ke kwance tana iya yin sa. Idan hankali ya tashi, jiki na sakin wani sinadari da ake kira adiranalin. Zuciya ta riƙa bugu da sauri, numfashi ya tsaya a ƙirji, naman wuya da kafaɗa da baya su ɗaure tamau. Idan haka ta ɗore wata da watanni, bayan da dama yake ciwo sai ya ƙara. Fitar da numfashi a hankali kuwa yana taɓa wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, wadda aikinta shi ne rage gudun zuciya.

Ki zauna a bakin gado, ko benci, ko turmin da aka kife. Kujera 'yar tsugunno ta yi ƙasa da yawa ga mai ciwon gwiwa. Ki sassauta ɗaurin zani, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannu ɗaya a kan cibiya. Ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga ɗaya zuwa huɗu a zuci, har ki ji ciki ya turo hannunki. Sannan ki fitar ta baki a hankali, kamar mai hura kunu da zafi, kina ƙirga ɗaya zuwa shida. Kada ki riƙe numfashi a tsakani, musamman in kina da hawan jini ko juna biyu. Minti 5 da safe da minti 5 kafin kwanciya sun isa. In kin ji jiri, kin yi sauri ne. Ki koma numfashinki na yau da kullum har ya wuce.

Baya da gwiwa

Kina nan zaune, ki ɗora hannu a gwiwa. Da shaƙar iska ki turo ƙirji gaba, ki ɗan gantsare. Da fitarwa ki lanƙwasa baya, haɓa ta nufi ƙirji. Sau 8, ba gaggawa. Masu yoga a durƙushe suke yin wannan, amma na zaune ma yana sassauta ƙugu.

Daga nan ki miƙe ƙafa ɗaya gaba, yatsu na kallon sama, ki riƙe kina ƙirga biyar, ki sauke. Sau 10 kowace ƙafa. Naman gaban cinya ne kike ƙarfafawa, shi ne ke tallafe gwiwa in za ki tashi ko ki hau dokin ƙofa. In kina son miƙa bayan ƙafa kuma hannu bai kai ba, ki zarga tsohon gyale a tafin ƙafa ki ja a hankali.

Na ƙarshe a tsaye ne. Ki dafa bango da hannu biyu daidai ƙirji, ki ja da baya taku biyu, ki tura ƙugu baya har ki ji baya ya miƙe, gwiwa a ɗan sake. Numfashi biyar, ki dawo. Kada kai ya yi ƙasa da ƙirji in kina da hawan jini ko cutar hawan ruwan ido. Maigida ma zai iya yin wannan a gona, ya dafa gindin bishiya duk sanda ya kai ƙarshen kunya.

Ma'aunin abu ɗaya ne: jin jijiya na ja ba laifi, amma suka ko zafin da ke harbawa zuwa ƙafa yana nufin ki tsaya.

Mai ciki da mai jego

Ku kam aikina ne, bari in ɗan tsaya a kanku. Duk abin da na faɗa mai ciki lafiyayya na iya yi, amma ta fara gaya wa ma'aikaciyar awo. Idan ciki ya wuce wata 4 a daina doguwar kwanciya rigingine, domin nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. A kwanta ta gefe, a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Wadda aka yi wa aiki ta tsaya a numfashi da ɗan tattaki har sai an duba ta a mako na 6.

Akwai kuma matse gaba, wanda wani likitan mata na Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948. Ki matse kamar mai riƙe fitsari da tusa, ki ƙirga uku, ki saki. Sau 10, sau uku a rana, amma ba lokacin da kike fitsari ba. Yana taimakon wadda fitsari ke kufce wa in ta yi tari ko dariya. Ba ya warkar da yoyon fitsarin da ya biyo doguwar naƙuda. Wannan aiki yake bukata, kuma ana yin sa a cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala a Kano da kuma Babbar Ruga a Katsina.

Lokacin da miƙa ba ta isa ba

Kada ki daina maganin hawan jini ko na siga don kin fara jin daɗin jikinki. Haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a kemis ko wurin masu talla ranar kasuwa kuwa, yawan shan su na jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana kuma ƙara hawan jini.

Ki zo asibiti ba tare da jira ba idan ciwon baya ya haɗu da zazzaɓi, rama, zufar dare ko tarin da ya wuce mako 2, domin tarin fuka na kama ƙashin baya. Haka nan idan ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya dushe, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa. Mai ciki kuwa, zubar jini ko ruwa, matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, kumburin fuska ko raguwar motsin ɗa, kowanne ɗaya ya isa a nemo mota. Idan baƙin ciki ya kai mako 2, abinci ba ya shiga, kina kuka ba dalili ko kina jin gara mutuwa, ki faɗa mana. Ciwo ne mai magani, kuma yakan kama masu jego.

Wadda ta taɓa karaya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko aikin ƙashi, ta nemi likita ya tura ta sashen gashi, a nan ko a Asibitin Ƙashi na Dala, a tsara mata nata motsin. Sauran kuma su zaɓi bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ciki ba a cike ba. Da azumi a bari sai an sha ruwa da kamar awa 2.