Kiɗa da Ka: Bayani a kan Ƙungiyar Makaɗa ta Aurora

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata al'ada da wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Landan ta shahara da ita, watau yin manyan kaɗe-kaɗen Turai da ka, ba tare da duban takarda ba. Sunan ƙungiyar Aurora. Waɗansu matasa biyu, Nicholas Collon da Robin Ticciati, su suka kafa ta a shekarar 2004, kuma Collon ne jagoranta har yau.

Kafin a gane nauyin wannan abu, ya kamata mai karatu ya san yadda okestira take. Taro ce ta makaɗa, daga talatin har zuwa ɗari, masu goge iri-iri da mabusa da masu ganguna. Kowa yana zaune, takardarsa a gabansa, an rubuta masa rabonsa na kiɗan da alamomi. Rabon kowa daban yake. Wani ma sai ya yi shiru na tsawon lokaci yana ƙirga a zuci, sa'an nan ya shigo daidai inda marubucin kiɗan ya ajiye shi. Takardar nan ita ce linzamin da ke riƙe da jama'ar duka.

Linzamin nan ne Aurora ta cire a 2014, a bikin kiɗa na Proms wanda BBC ke shiryawa a zauren Royal Albert, inda ta kaɗa simfoni na 40 na Mozart da ka. Ba ita ta fara ba, don kuwa makaɗan fadar Meiningen ta Jamus sun taɓa yin haka a ƙarƙashin Hans von Bülow wajen shekarun 1880, amma al'adar ta daɗe da ɓacewa. Daga nan kaya suka yi ta ƙara nauyi: Eroica na Beethoven a 2017, Symphonie fantastique na Berlioz a 2019, sai kuma The Rite of Spring na Stravinsky a 2023. Wannan na ƙarshe shi ne kiɗan da ya ta da hayaniya a Paris ran da aka fara shi a 1913, kuma a ɓangarensa na ƙarshe awon kiɗan yakan sauya kusan a kowace gaɓa. A 2024 suka yi simfoni na 9 na Beethoven, wanda ya wuce sa'a guda.

Wahalar ba ta kan mai ɗauke da karin da kunne ke kamawa. Tana kan makaɗin tsakiya, wanda rabonsa 'yan sautuka ne masu maimaituwa da ɗan bambanci kaɗan. Irin wannan ba zai iya haddace nasa ba sai ya san na maƙwabtansa. Nan ribar take, a ganina. Da aka kwashe takardu, mafi yawan makaɗan sai suka miƙe tsaye, suna duban juna, suna sauraron juna. Har wa yau sukan iya sauya wurin tsayuwa. Shi ya sa kafin a fara, Collon yakan warware kiɗan gunduwa-gunduwa, ya sa sashe ɗaya ya kaɗa nasa shi kaɗai, don 'yan kallo su ji yadda aka saƙa shi.

Bahaushe zai ce mene ne abin mamaki, ai Narambaɗa da 'yan amshinsa ba su taɓa riƙe takarda ba. Gaskiya ne, amma ba ɗaya ba ne. Makaɗin fada yana da ikon ƙara ɗa a waƙa ko ya rage, gwargwadon wanda ya gani a wurin. Makaɗin Aurora kuwa ba shi da iznin sauya ko da sauti guda. Abin da Mozart ya rubuta a 1788 shi zai fitar, kuma in ya ɓata babu inda zai leƙa.

Akwai masu ganin abin burga ce kawai. Sukarsu ba ta rasa tushe, domin hadda tana cin lokaci, lokacin gwaji kuwa kuɗi ne ga makaɗan da wannan ce sana'arsu. Shi ya sa ba kowane kiɗa suke yi da ka ba. A zauren Kings Place, alal misali, inda suka soma jerin kaɗe-kaɗen piyano 27 na Mozart a 2016, ƙwazonsu ya fi fitowa wajen zaɓen abin da za a haɗa da kowanne a dare guda, tsohon kiɗa kusa da sabo.