Ina Ƙarfin Mai Iyo Yake Tafiya?

A ilmin fiziya kalmar "aiki" tana da ma'ana ƙayyadaddiya, wato ƙarfin da aka sa sau nisan da abu ya gusa ta fuskar da aka tura shi. Ana auna ƙarfi da niyuton, nisa da mita, aiki kuwa da jul. Wanda ya yini yana tura katanga ba ta motsa ba, bai yi wa katangar aiki ba, ko da gumi ya jiƙe shi sharkaf.

Mai gudu a tudu yana dogara da ƙasa, ita kuwa ba ta gocewa. Mai iyo ba shi da wannan gata. Yana tura ruwa baya, ruwa ya tura shi gaba da ƙarfi daidai wa daida, bisa doka ta uku da Isaac Newton ya bayyana a 1687. Amma ruwan da ya dafa ba ya tsayawa, baya yake zurarewa. Saboda haka aikinsa ya kasu biyu: kashi guda na keta ruwa, ɗayan kuwa ruwan da ya tura ne ke tafiya da shi.

A nan gwani yake bambanta da ɗan koyo. Turin da mai iyo ke samu shi ne nauyin ruwan sau saurin da ya ba shi, amma kuzarin da ya yi asara rabin nauyin ne sau saurin sau saurin. In ya tura kilo 10 da saurin mita 2 a daƙiƙa, ya kashe jul 20. In kuwa kilo 20 ya tura da saurin mita 1, turin bai sake ba, amma jul 10 kawai ya kashe. Ashe kamo ruwa mai yawa a tura shi a natse ya fi facal-facal riba. Hikimar fatar da ke tsakanin yatsun agwagwa ke nan, da ta faɗin filafilin kwalekwale.

Keta ruwan ma ba wasa ba ne, domin ruwa ya fi iska nauyi kimanin sau 800, kuma in sauri ya ninka biyu, tirjiyar ruwa takan ninka wajen huɗu. A ƙaddara tirjiyar niyuton 30 ce a saurin mita 1 a daƙiƙa: mita 100 za su ci jul 3,000. A saurin mita 2 sai ta koma niyuton 120, aikin ya zama jul 12,000, cikin rabin lokacin kuma. Wato ɗawainiyar kowace daƙiƙa ta ninka takwas. Shi ya sa a 2009, da César Cielo ɗan ƙasar Brazil ya kafa tarihi da mita 50 cikin daƙiƙa 20.91, saurinsa bai wuce mita 2.4 a daƙiƙa ba, abin da yaro ke wucewa da gudu a filin makaranta.

Daga bisani igiyar ruwan da kumfarsa sukan lafa, kuzarin ya rikiɗe ya zama zafi. Jul 12,000 ɗin nan, da lita guda aka tara wa su, da sun ƙara mata ɗumin kusan digiri 3.