Salsalar Iyali a Kan Intanet: Mazubinta, Ingancinta da Haƙƙin Masu Ita

1.0 Gabatarwa

Sanin nasaba tsohon ilimi ne a wurin kowace al'umma. A ƙasar Hausa ya daɗe yana hannun tsofaffin mata da dattawan gida da maroƙan fada, na sarakuna kuwa ya shiga rubuce-rubuce irin su Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Abin da ya zo sabo a wannan zamani shi ne, mutum ɗaya yana iya tara sunayen danginsa har dubu a cikin kwamfuta, sannan ya ɗora su a intanet inda duk mai so zai gani, ya kuma kwafa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wannan aiki yake gudana, tare da nuna cewa salsala, ko da mutum ɗaya ne ya sha wahalar tattara ta, dukiya ce ta tarayya tsakaninsa da duk wanda sunansa yake ciki. Za a duba al'amarin ta fuskoki uku, wato mazubin da ake zuba bayanan a ciki, da ingancin bayanan, da kuma haƙƙin rayayyu.

2.0 Mazubin GEDCOM

Kusan duk wanda zai fitar da salsala daga wata manhaja zuwa wata, da fayil ɗin da ake kira GEDCOM zai yi amfani. Sunan taƙaitawa ce ta kalmomin Ingilishi masu ma'anar isar da bayanan nasaba. Cocin da aka fi sani da na ɗariƙar Mormon, mai hedikwata a birnin Salt Lake na jihar Utah a Amurka, shi ya ƙirƙiro wannan tsari a 1984. Mabiyan cocin suna da aƙidar yi wa magabatansu da suka mutu wasu ibadu, saboda haka tun 1894 suka kafa ƙungiyar binciken nasaba, wadda a yau ake kira FamilySearch. An fitar da sigar GEDCOM ta 5.5 a 1996, sannan ta 7.0 a 2021.

Fayil ɗin rubutu ne zalla, layi bayan layi. Ga misalin yadda ake shigar da mutum guda:

0 @I1@ INDI
1 NAME Musa /Garba/
1 SEX M
1 BIRT
2 DATE ABT 1903
2 PLAC Kano

Lambar farkon kowane layi tana nuna matsayinsa, wato layi mai lamba 2 ƙarin bayani ne a kan mai lamba 1 da ya gabace shi. Layin farko ya ba mutumin lambar shaida, na biyu ya kawo sunansa, na uku jinsinsa, sauran kuma suka ce an haife shi a Kano wajajen 1903. Sunan da aka killace tsakanin karkatattun layuka biyu shi manhaja take ɗauka a matsayin sunan zuriya. Baya ga bayanin ɗaiɗaikun mutane akwai bayanin iyali, wanda yake haɗa miji ɗaya da mata ɗaya da 'ya'yansu. A kan waɗannan ginshiƙai biyu aka gina tsarin baki ɗaya.

Amfanin wannan mazubi shi ne, bayanai ba sa mutuwa da mutuwar manhaja. Alal misali, a 2013 FamilySearch ta daina kula da tsohuwar manhajarta mai suna PAF, amma waɗanda suka fitar da salsalarsu a matsayin GEDCOM sun ci gaba da aikinsu a wasu manhajojin.

3.0 Hanyoyin Rabawa

Hanyoyin raba salsala uku ne. Ta farko ita ce mutum ya aika wa ɗan'uwansa fayil ɗin kai tsaye. Ta biyu ita ce ya ɗora shi a shafin wani kamfani, kamar Ancestry ko MyHeritage, inda salsalar za ta zauna da sunansa, shi kuma ya zaɓi ya buɗe ta ga kowa ko ya taƙaita ta ga waɗanda ya gayyata. Ta uku ita ce ya zuba bayanansa a cikin salsalar gamayya, irin ta Geni da aka buɗe a 2007, ko WikiTree ta 2008, ko wadda FamilySearch ta buɗe wa jama'a a 2013. A nan manufa ita ce kowane mutum ya bayyana sau ɗaya tak, don haka wani wanda mai salsalar bai taɓa gani ba yana iya gyara bayanin kakansa.

Ba a musun fa'idar wannan haɗin gwiwa. A 2018 mujallar Science ta buga wani bincike da aka gina a kan bayanan mutum miliyan 86 daga Geni, wanda a cikinsa aka samu salsala guda mai ɗauke da mutum miliyan 13. Da ita masu binciken suka yi nazarin ƙaura da auratayya da tsawon rai. Sai dai akasarin waɗannan bayanai na mutanen Turai da Arewacin Amurka ne, kuma wannan yana nuni da irin al'ummar da aka yi wa ɗinkin tun farko.

4.0 Inda Mazubi Ya Saɓa wa Al'ada

Matsala ta farko ita ce ta suna. Tsarin GEDCOM da manhajojin da ke karanta shi sun ginu a kan cewa akwai sunan zuriya da ake gada daga kaka zuwa jika. Bahaushe kuwa a al'adance sunan mahaifinsa yake jingina wa nasa, saboda haka suna na biyu yana sauyawa a kowane tsatso: ɗan Musa Garba zai zama Isa Musa, jikansa kuma Bala Isa. Bugu da ƙari, zamanin makarantun boko na farko ya sa mutane da yawa sun ɗauki sunan garinsu, kamar Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur da Alhaji Shehu Shagari. Manhajar da take neman dangantaka ta hanyar suna na biyu za ta raba uba da ɗansa, ta kuma haɗa waɗanda gari kawai suka tara.

Haka kuma mutum guda yana iya samun sunan yanka da sunan rana irin su Ɗanladi ko Talatu, da laƙabin sana'a, da sunan da aka sa masa saboda alkunya. Tsohuwar da ake tambaya ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, wani suna dabam za ta faɗa. Idan mai tattarawa bai lura ba, sai mutum ɗaya ya zama biyu a cikin kundinsa.

Matsala ta biyu ita ce ta tsarin gida. Mai mata huɗu dole a buɗe masa bayanin iyali huɗu. Wannan yana da kyau ta wajen rarrabe ɗakuna, amma ba ya nuna wace ce uwargida, kuma mai dubawa daga wata al'ada zai iya ɗauka aure ne bayan aure. Hausa tana bambanta wa da ƙane, ya da ƙanwa, alhali manhaja ba ta san babba da ƙarami a tsakanin 'yan uba ba sai an ba ta ranakun haihuwa. Mazubin ya tanadi alamar ɗan riƙo, amma bai tanadi ta 'yan'uwantakar shayarwa ba, duk da cewa a Musulunci tana haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa. Sai dai a rubuta ta a gurbin ƙarin bayani.

Matsala ta uku ita ce ta kwanan wata da haruffa. Kalanda huɗu GEDCOM ya ambata da suna: ta Miladiyya da ake amfani da ita yanzu, da tsohuwar ta Yuliyos, da ta Yahudawa, da ta juyin juya halin Faransa. Babu ta Hijira a cikinsu, ko da yake sigar 2021 ta buɗe ƙofar ƙara wasu. Dangane da haruffa kuwa, tsofaffin sigogi sun dogara da wani jerin haruffa mai suna ANSEL wanda babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa. Wajibi ne a zaɓi tsarin UTF-8 lokacin fitar da fayil, in ba haka ba sunaye irin su Ɗahiru da Ɓalewa za su isa ga mai karɓa a gurguje.

5.0 Kuskure da Yaɗuwarsa

Salsalar baka tana tafiya ne tare da mai faɗarta. Mai sauraro ya san wanda ya faɗa, ya san kusancinsa da abin da yake faɗa, ya kuma san inda zai iya yin son kai. Da zarar an zuba ta a kwamfuta sai duk layuka su yi kama da juna, abin da aka tabbatar da abin da aka yi zato su fito da fuska ɗaya. Dattijon da ya ce an haifi mahaifinsa kusa da zuwan Turawa Kano ya faɗi iyakar saninsa. Wanda ya mayar da wannan magana 1 ga Janairu 1903 don kawai ya cike gurbi ya ƙirƙiri abin da ba a faɗa masa ba.

Shafukan kamfanoni suna nuna wa mai amfani da su salsalar wasu da ta yi kama da tasa, kuma yana iya kwafe reshe sukutum cikin ƙanƙanin lokaci. Ta haka kuskuren mutum ɗaya yake bazuwa zuwa kundaye masu yawa, har wanda ya zo daga baya ya ɗauki yawansu a matsayin hujja, alhali duk daga tushe ɗaya suka fito. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa yawan masu ruwaya ba ya ƙarfafa labari idan duk ga mutum ɗaya suke komawa. Haɗarin ya fi girma a inda nasaba take da alaƙa da gado ko sarauta, ko inda gidaje suke jingina asalinsu ga wani mashahurin malami ko basarake.

Mazubin kansa ya tanadi magani. Yana da gurbin ambaton madogara ga kowane bayani, da ma'aunin inganci daga 0 zuwa 3, inda 0 yake nufin abin da ba a dogara da shi, 3 kuma shaida ta kai tsaye. Yana kuma da alamomin “wajajen” da “kafin” da “bayan” ga shekarun da ba a tantance ba. Mai tattara salsalar baka ya kamata ya rubuta wanda ya ba shi labari, da dangantakarsa da wanda ake magana a kansa, da ranar da aka yi hirar.

6.0 Haƙƙin Rayayyu

Wannan ita ce fuska mafi nauyi. Kundin salsala yana ƙunshe da cikakken suna da ranar haihuwa da sunan mahaifiya, waɗanda su ne abubuwan da 'yan damfara suke nema domin yin sojan gona. Yana kuma iya ƙunsar abin da dangi suka rufe: yawan aure da saki, ko wanda aka riƙa bai san riƙonsa aka yi ba, ko asalin bauta. A Arewacin Nijeriya sai a 1936 aka kafa dokar da ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya, wato tsatso uku ko huɗu ke nan da suka wuce, kuma har yanzu akan binciki asali kafin a ba da aure. Layi ɗaya a intanet yana iya ɓata wa yarinyar da ba a taɓa shawartarta ba.

Gwamnatoci ma sukan jinkirta buɗe irin waɗannan bayanai. Amurka tana rufe takardun ƙidayar jama'arta shekara 72, shi ya sa sai a 2022 aka buɗe na 1950. A Ingila kuwa shekara 100 ake jira, na 1921 ma a 2022 aka buɗe su. Ta fuskar shari'a, a 2003 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan wata mata 'yar ƙasar Suwidin da ta sa bayanan abokan aikinta na coci a shafinta, inda kotun ta ce sanya bayanan mutane a wurin da kowa zai gani ya fita daga harkar cikin gida. Nijeriya ma ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023.

Manyan shafuka suna ɓoye bayanan rayayyu. A FamilySearch, misali, ba a nuna wa jama'a bayanin rayayye. To amma wannan kariya tana da iyaka. Fayil ɗin da aka aika wa ɗan'uwa kai tsaye yana ɗauke da komai, sai fa idan an tace shi kafin a fitar. Rumbunan kamfanoni kuma ba su tsira daga ɓarayi ba: a 2018 MyHeritage ya sanar da cewa an sace adireshin imel na masu amfani da shi miliyan 92. Mallakar kamfanin ma tana sauya hannu, domin a 2020 kamfanin zuba jari na Blackstone ya sayi Ancestry a kan dala biliyan 4.7.

Akwai kuma amfanin da mai ɗorawa bai taɓa tunaninsa ba. A watan Afrilu na 2018 aka kama Joseph DeAngelo a jihar Kalifoniya, wanda daga baya ya amsa laifin kisan mutum 13. Masu bincike sun kai gare shi ne ta hanyar kwatanta DNA da aka samu a wurin laifi da na danginsa na nesa da suka zuba nasu a rumbunan nasaba irin su GEDmatch, sannan suka bi salsalarsu reshe-reshe. A wannan karo sakamakon alheri ne, amma ya tabbatar da cewa wanda ya ba da bayanin kansa ya ba da na danginsa.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa raba salsala a intanet aiki ne mai amfani ga zumunci da binciken tarihi, muddin an kiyaye wasu sharuɗɗa. Mai kundi ya riƙe cikakken kwafi a hannunsa, ya fitar da tataccen kwafi wanda babu rayayyu a ciki, kuma duk wanda ba a tabbatar da rasuwarsa ba a lissafa shi cikin rayayyu. Ya shawarci manyan kowane ɗaki kafin ya ɗora abin da ya shafe su. Ya ambaci madogarar kowane bayani, ya bar zato a matsayin zato. Ya karanta sharuɗɗan shafin da zai ɗora a kai, ya san masu shi da manufarsu. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma abin da aka kwafa a intanet ba ya janyuwa ko da mai shi ya goge nasa.

Akwai kuma aiki a gaban masana harshe da al'ada na jami'o'inmu, wato tsara ƙa'ida guda ta shigar da sunayen Hausa, da laƙabi da alkunya, da riƙo da shayarwa, da kwanan watan Hijira a cikin wannan mazubi. Idan ba a yi haka ba, kowa zai bi tasa hanya, kuma kundayen da ake tarawa a yau ba za su haɗu da juna ba a hannun masu bincike na gobe.