Kyamara Mai Auna Nisa da Hotunan Makaɗan Gargajiya

A da, ɗaukar hoto aiki ne na kaya masu nauyi. Akwati ne ake kafawa a kan ƙafafu uku, wanda za a ɗauka kuma sai ya sanƙare kamar an dasa shi. A 1925 kamfanin Leitz da ke garin Wetzlar na Jamus ya fito da Leica, ƙaramar kyamarar da Oskar Barnack ya ƙera, mai amfani da fim mai faɗin milimita 35. A 1932 aka haɗa mata na'urar auna nisa, a shekarar kuma kamfanin Zeiss Ikon ya fito da tasa mai suna Contax. Daga nan hoto ya fita titi da kasuwa da dandalin kiɗa.

Yadda na'urar auna nisa take aiki ba wuya. Miƙa babban yatsanka gaba, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya ka rufe ɗayan: za ka ga yatsan ya yi tsalle. Haka ma kyamarar tana da ƙananan tagogi biyu a gabanta, kowace tana hango abu daga kusurwarta. Idan ka leƙa, sai ka ga fuskar mutum ta rabu biyu a wani ɗan fili da ke tsakiya. Kana murza zoben gilashin kyamarar, siffofin biyu suna matsowa, har su hau kan juna. Da sun zama ɗaya, nisan ya daidaita, hoto zai fito tar.

Abin da ya sa ta dace da makaɗa shi ne ba ta da madubin nan mai ɗagawa da faɗuwa a ciki, irin na kyamarorin da suka yi tashe bayan fitowar Nikon F a 1959. Saboda haka ƙararta kaɗan ce, ba ta katse wa mai goge ko mai molo hanzari, kuma ba ta girgiza sosai, don haka tana jure ƙarancin haske a zaure ko da almuru. Mai leƙawa kuma yana ganin abin da ke gabansa har a lokacin da ya danna. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya shahara da hotunan titi, ya kan rufe ƙyalƙyalin Leica ɗinsa da baƙin tef don kada ta ja ido.

Leica tana da tsada, amma masu ɗaukar hoto don sha'awa ba su rasa mafita ba. Tarayyar Sobiyat ta ƙera kwaikwayonta masu araha, FED da Zorki. Japan ta fito da Yashica Electro 35 a 1966, da kuma jerin Canonet, waɗanda malamin makaranta ko ɗalibi zai iya saya.

Kyamara mai auna nisa tana da nata cikas. Ba ta aiki da kyau da dogon gilashi mai janyo abu daga nesa, kuma abin da taga ta nuna ya kan ɗan saɓa da abin da ya hau fim idan an matso ƙwarai. Fim ɗaya hoto 36 ne, ba a gani sai an wanke. Amma wannan cikas ɗin shi ne ya zama tarbiyya. Wanda ba zai iya laɓewa daga nesa ba dole ya shigo cikin mutane, ya yi sallama, ya zauna, a saba da shi. Irin wannan kusanci ne ake gani a aikin John Cohen, makaɗi kuma mai ɗaukar hoto, wanda ya je gabashin jihar Kentaki ta Amurka a 1959 ya haɗu da Roscoe Holcomb, lebura mai kaɗa banjo. Hotunan da muryar da ya ɗauka su suka fito da Holcomb duniya ta san shi.

Darasin ya shafe mu. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015; su an san fuskokinsu. Amma mai kalangun mahauta, da mai gangar noma, da matan da ke kiɗan ƙwarya fa? Yau kowa da waya a hannu, kuma ladubban tsohuwar kyamarar nan suna nan daram. Ka nemi izini kafin ka ɗauka. Ka matso kusa, ka bar makaɗi ya ci gaba da aikinsa, kada ka ce ya tsaya ya gyara hula. Ka ɗauki hannuwansa da kayan kiɗansa da 'yan amshinsa. Sannan ka rubuta sunansa da garinsu da ranar, ka kuma kai masa nasa hoton, domin hoton da ba a san mai shi ba rabin amfaninsa ya tafi.