Robar bayan mota: gyaran da ɗan kasuwa zai iya yi da hannunsa

Duk wanda ya tsaya bakin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa ranar Litinin ko Juma'a, ranakun da babbar kasuwar Maraɗi ke ci, zai ga motoci suna wucewa bayansu ya kusa taɓa ƙasa, goshinsu ya ɗaga sama. Haka abin yake tsakanin Ƙonni da Illela, haka yake a hanyar Maigatari ranar Alhamis. Buhunan wake da na gero, da albasa, da katan-katan na kayan masarufi, duk nauyinsu kan ƙafafun baya yake sauka. A ƙarƙashin wannan lodi kuwa akwai wata ƴar roba wadda ba ta kai dunƙulen hannu ba, ita ce ke shan wahalar da ba mai gani.

A garejin Maraɗi da Damagaram silanbulok ake ce mata, a Katsina da Kano bushin, direbobi da yawa kuwa roba kawai suke cewa. Aikinta shi ne ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe a duk inda sifirin ko aksul ya haɗu da jikin mota, ta shanye girgiza, ta kuma riƙe ƙafafun baya a kan layinsu. Tana cikin mafi arahar kayan mota, amma in ta mutu aka ƙyale ta, sai ta ci taya, ta ci shakazoba, wata rana ma ta ci mota da kayan da ke cikinta. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa ƴan kasuwarmu masu motocin kansu bayanin yadda ake gane ta mutu, da yadda mutum zai canza ta a gida, da kuma inda ya kamata ya tsaya ya nemi makanike.

Me ke kashe ta da wuri?

Na farko shi ne lodi. Motar a-kori-kura irin Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, wato buhu 10 mai kilo 100, amma kowa ya san abin da ake ɗora mata ran kasuwa, ga fasinja a bisa kaya. Wasu direbobi sukan ƙara wa sifirin falle ɗaya ko biyu don kada bayan mota ya zauna. To, sifirin ya yi ƙarfi, sai dai dukan da ya kamata ya shanye yanzu kan roba da mazauninta yake komawa.

Na biyu zafi da ƙura. A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a yankinmu, roba ta bushe ta tsattsage, ƙura ta shiga tsagar tana goge ta. Na uku mai: in shakazoba ko aksul yana ɗigar da mai a kan roba, sai ta kumbura ta yi laushi ta ruɓe. Na huɗu kuwa hanyoyin burji da na daji. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, motoci da yawa sun bar kwalta sun koma ratse, kuma ƙarƙashinsu ne ya biya kuɗin wannan tafiya.

Yadda ake gane ta mutu

Mota ba ta ɓoye ciwonta. In ka ji ƙwas-ƙwas daga baya duk sadda ka faɗa rami ko ka taka birki, wannan ƙarfe ne ke dukan ƙarfe. In bayan mota yana lilo a kan kwana, ko kana tafiya miƙe amma kullum sai ka riƙa gyara sitiyari, ko wanda ke biye da kai ya ce motarka a karkace take tafiya, to a duba roba. Haka nan in tayar baya tana cinyewa ta gefe ɗaya.

Don ka tabbatar, ajiye mota a wuri mai tauri, ka haska tocila a kan kowace roba. Tsagewa, ko ɓallewar gefe, ko jan garin tsatsa a kewayen noti, duk alamu ne. Sannan ka sa liban cire taya tsakanin kan sifirin da mazauninsa ka ɗan danna. Roba mai lafiya takan motsa kaɗan ta dawo. In ka ga ƙarfen yana yawo, ta gama aiki.

Wace mota ce ake iya yi wa a gida?

Nan ne ya kamata a bambance, don ba duka aikin ke zama ɗaya ba. Motocin da ke da sifirin mai falle-falle, kamar Hilux da Hiace da Peugeot 504 a-kori-kura, su ne mafi sauƙi. Kowane sifirin yana da ido biyu: na gaba a ɗaure yake da jikin mota, na baya yana rataye da wasu ƴan ƙarafa biyu masu lilo. A motoci da yawa robar idon baya rabi biyu ce, da hannu ake tura ta. Wannan duk mai haƙuri zai iya.

Motocin da ke da sifirin mai naɗi, kamar 504 doguwa ta fasinja wadda masana'antar Peugeot ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta cika hanyoyinmu da ita, suna buƙatar kula ta musamman, domin sifirin da ke danne in ya kuɓuce yana iya karya hannu ko haƙarƙari. Ita kuma Golf, manyan robobi biyu ne ke riƙe da aksul ɗinta na baya, an matsa su da ƙarfi cikin ƙarfe, suna da fuskar da ake juya su, ga bututun man birki a manne da wurin. Irin wannan, wanda bai taɓa gani an yi ba ya kai gareji. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Sayen roba da kayan aiki

Ka cire tsohuwa ka tafi da ita, ko ka auna faɗinta da tsawonta da girman raminta, domin mota iri ɗaya tana iya zama da roba daban-daban bisa ga shekarar ƙirarta. Ko a shagunan garinku ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka matsa ta da yatsa ka lanƙwasa gefenta: wadda ta daɗe a ajiye za ka ga ƙananan tsaga. Akwai kuma wadda masu sana'a ke yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota. Tana fid da mutum kunya in ya lalace a hanya, amma ba ta cika zama daidai ma'auni ba, kuma araha ba ta ado. Ka sayi na gefe biyu gaba ɗaya, don in aka canza hagu aka bar dama, mota za ta ci gaba da karkata.

Kayan aiki su ne jak, wato kirik, da sifanu daidai notinka, da guduma, da liba, da burushin ƙarfe, da ruwan sabulu, da manyan guntayen katako masu ƙwari ko ƙafafun ƙarfe na tokare mota.

Yadda ake aikin

Ka zaɓi ranar da ba kasuwa, don gaggawa ce ke sa a bar noti a kwance. Tun da dare ka goge notinan ka jiƙa su da man kwance tsatsa ko gas. Da safe a sauke kaya duka, har da jarkokin mai. A ajiye mota a daɓe mai tauri, a sa ta a giya, a sa wa tayoyin gaba weji gaba da baya.

Ka sassauta notin taya, ka ɗaga mota, ka tokare jikinta da katako ko ƙafar ƙarfe. A nan muna roƙon jama'a da babbar murya: kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a tokare ta da tubali ko bulon siminti, don suna fashewa ba sallama. Tayar da ka cire ka kwantar da ita ƙarƙashin mota ta zama kariya ta biyu.

Daga nan ka mai da jak ƙarƙashin aksul ka ɗaga kaɗan, har nauyi ya sauka daga kan ƙusar da za ka zare. Ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan, don wanda ba ka kwance ba ya zama abin dubawa. In za ka bugi ƙusa, ka bar noti a bakinta don kada zaren ya lalace. Ka sauke aksul a hankali, idonka na kan tiyon birki kada ya miƙe.

Roba mai rabi biyu da liba ake ɓamɓaro ta. Mai rigar ƙarfe kuwa, wadda aka fi samu a idon gaba, akan jawo ta da doguwar ƙusa mai zare, da washa masu kauri, da guntun bututu wanda ya fi ta faɗi: kana ɗaure noti tana fitowa cikin bututun. In ta ƙi, a huda robar a fitar da cikinta, a zura zarto a yanka rigar ƙarfen a hankali ba tare da an taɓa idon sifirin ba, sannan a buge ta. Wasu sukan ƙone ta da wuta. Mu ba mu ba da wannan shawara ba, domin tankin mai yana kusa, kuma wuta tana kashe ƙarfin sifirin.

Ka goge cikin idon ya yi fes, ka duba ƙusar: in ta cinye ta yi wuya kamar kwalba, a canza ta, in ba haka ba za ta cinye sabuwar robar. Ka shafa wa roba ruwan sabulu ka tura. Kada a sa mata giris ko baƙin mai, su ne maƙiyanta.

Sirrin aikin yana ƙarshe

Kuskuren da ya fi kashe sabuwar roba shi ne a ɗaure noti tamau alhali mota tana rataye. In aka yi haka, da zarar an sauke ta sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana, ba da jimawa ba ta yage, mai mota ya ce an sayar masa da jabu. Abin da ya dace shi ne ka ɗaura notinan sama-sama, ka mai da taya, ka sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, ka danna bayanta sau uku ko huɗu ta zauna, sannan ka ɗaure su da kyau. Ka duba notinan da ke riƙe sifirin da aksul su ma. Ka zagaya gari ba kaya, ka saurara, ka gwada birki. Bayan tafiyar kasuwa ta farko, ka sake bin kowane noti da sifana.

In ka tarar mazaunin sifirin ya tsage, ko raminsa ya faɗaɗa, ko falle ya karye, ko ƙusa ta manne ta ƙi fita, ka tsaya nan. Wannan aikin mai walda ne da makanike, kuma kai mota wurinsu ba abin kunya ba ne. Haka nan in an canza roba amma taya ba ta daina cin gefe ba, a kai a auna layin ƙafafun.

Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a watan Mayu 2023, kuɗin sufuri ya cinye wani kaso na ribar mai fatauci, kowa kuma yana neman inda zai rage kashewa. Roba ba wurin ragewa ba ce. Kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba, balle na ranar kasuwar da za ta wuce ka kana zaune a daji da buhunan albasa a rana, balle ran yaron mota da fasinjojin da ke bisa kaya. Ka riƙa leƙa ƙarƙashin motarka duk sadda ka canza baƙin mai, ka kuma rage buhu biyun nan na ƙarshe da kake cewa ba komai. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.