Darasin jami'a a cikin waya: abin da ya kamata ku sani

Kowace asuba motoci kan cika a Suleja da Madalla da masu tafiya aiki Abuja, kuma da wuya a rasa ɗalibin jami'a a cikinsu wanda ajinsa yana cikin wayarsa. Karatu daga nesa ya daɗe a ƙasar nan. An kafa jami'ar NOUN a 1983, zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, sai a mulkin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Hedikwatarta na Jabi, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. ABU Zariya da FUT Minna ma suna da cibiyoyin irin wannan karatu.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsara darasin. Malamai da yawa sun ɗauka in sun ɗora takardun lacca masu shafi ɗari a intanet, an gama. Wannan kabad ne kawai na ajiye takarda. A aji, malami yana kallon fuskoki, in ya ga an yi zuru sai ya sake bayani. Mai karatu shi kaɗai ba wanda ke ganin fuskarsa, don haka darasin ne zai yi wannan aiki.

Da farko a gutsuttsura shi. Wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014 kan bidiyoyin dandalin edX ya nuna hankalin ɗalibai kan fara watsewa bayan kamar minti shida. Laccar awa guda gara ta koma guntaye, kowane da batu ɗaya.

Sai tambaya, wadda a ganina ita ce ran abin. A ce darasin tattalin arziki ne kan farashi. Bayan ɗan bayani bidiyon ya tsaya cak, tambaya ta fito: kuɗin mai ya tashi, motocin da ke kawo tumatir kasuwar Suleja sun ragu, me zai faru da farashin kwando? Ɗalibi ya taɓa "zai sauka". Darasin da aka yi da kasala zai nuna masa jan tambari ya wuce. Mai kyau kuwa zai ce masa: masu saye ba su ragu ba, kaya ne suka yi ƙaranci, sake dubawa. Sannan ya mayar da shi daidai inda aka yi bayanin. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa ƙoƙarin tuno abu ya fi maimaita karanta shi sa ya zauna a ka. Kayan aikin ma kyauta ne: Moodle, da aka fara saki a 2002, da H5P mai dasa tambaya a tsakiyar bidiyo. Wahalar tana wajen malami ya zauna ya hasaso kuskuren da ɗalibai za su yi, ya rubuta wa kowanne amsarsa.

Wanda ya tsara darasi a ofis mai sanyi da babbar kwamfuta, ya gwada shi a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi kafin ya sake shi. Data na da tsada, wutar lantarki ba ta da alƙawari. A ba da damar sauke darasi a ajiye, a sa na murya kaɗai ga mai sauraro a go-sulo, kuma in sabis ya yanke ɗalibi ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Cewa kowa ya yi karatu lokacin da ya ga dama bai hana sa wa'adi ba. A manyan darussan intanet na kyauta, mafi yawan masu rajista ba sa kaiwa ƙarshe, "sai gobe" ce ke cinye su. Ƙaramin aiki duk mako, da malamin da ke amsa tambaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da a zauren WhatsApp ne, suna riƙe mutum. Ɗaliban NOUN sun san TMA, aikin da ake ba maki kafin jarrabawa. Amma tambayar da ba a canza ta shekara da shekaru, amsarta kan riga ta yawo a wayoyi. Maganin shi ne a tara tambayoyi masu yawa a rumbu, Moodle ya riƙa ɗebo wa kowane ɗalibi nasa daban.