Tsutsar da ba ta da ido, yaya take gane ɗan rago?

Makiyayan Tabotaki sun sha yi mini wannan tambaya idan muna rabon maganin tsutsa da damina. Amsar tana kan tsutsar. A gefen bakinta akwai ƴan ramuka biyu, dama da hagu, masana na kiran su amfid. Nan bakin jijiyoyin jinta yake, su ne hancinta da harshenta.

An fi sanin wannan a jikin wata ƙaramar tsutsar ƙasa mai suna C. elegans, wadda ƙwayoyin jijiyarta 302 ne kacal, 12 a kowane rami. A cikin wasunsu akwai wani furotin da ake kira TAX-4. Kamar ƙyauren ƙofa yake a fatar jijiya: idan ya buɗe saƙo ya wuce. Ba ko'ina yake ba. Ana samun sa a jijiyar jin ɗumi, da ta wari, da ta ɗanɗanon gishiri, da wadda ke jin iskar da dabba ke fitarwa a numfashi. Da masu bincike a Amurka suka lalata shi a jikin Strongyloides, tsutsar da ke huda fatar mutum, sai ta kasa bin ɗumi.

Nan zancen ya iso garkenmu. Ƴar'uwarta ce ke shiga ƴan raguna da ƴan awaki ta fatar ƙafa, wani lokaci ma ta nonon uwa. Tana jira cikin jiƙaƙƙen taki. Ɗan rago ya kwanta, zafin jikinsa ya kira ta. Daga baya sai zawo da rama, mai shi yana cewa nono ne bai isa ba.

Shi ya sa nake matsa wa mutane kan turke fiye da kan allura. Daga Yuli zuwa Satumba a riƙa kwashe taki ana kai wa gona, a zuba busasshen rairayi, a sauya makwanci idan ya jiƙe. Masu kiwo kusa da fadamun Keita da kwarin Majiya su fi kula, don ƙasar can ba ta saurin bushewa. Rana tana kashe ƴaƴan tsutsar, kuma ba ta karɓar ko dala.

Idan zawo ya riga ya kama ƴan dabbobi, ku kawo mana kashinsu mu duba kafin ku sayi ƙwaya a kasuwa.